Kimiyyar Kwana a Bakin Tafki: Darasi Daga Gandun Itasca

A jihar Minnesota ta ƙasar Amurka akwai gandun shaƙatawa mai suna Itasca, wanda gwamnatin jihar ta keɓe tun 1891. Daga tafkin da ke cikinsa ne Kogin Misisifi ya samo asali. A lokacin zafi iyalai da ɗalibai kan kafa tanti su kwana a gandun, amma sai wanda ya san halin tafki yake kwana lafiya.

Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi kamar ƙasa, ba ya kuma saurin hucewa. Saboda haka da dare ƙasa ke riga tafki yin sanyi. Iskar da ke kanta sai ta yi nauyi, ta gangara kwari, ta taru a bakin ruwa, raɓa da hazo su sauka. Shi ya sa gogaggun matafiya ke zaɓen wuri mai ɗan tudu, su tanadi bargo da busassun tufafi, domin ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25.

Haka kuma, ko da ruwan tafki ya yi garau, yana iya ɗauke da ƙwayar cutar Giardia mai haddasa gudawa. Tafasa shi na minti ɗaya yana kashe ta.

Hatta itacen girki yana da doka. An hana shigo da wanda hukuma ba ta amince da shi ba, saboda wani ƙwaro mai ɓuya ƙarƙashin ɓawo, da aka gano a jihar a 2009. Dami ɗaya ya isa ya kai shi sabon daji.