"Ai Ina Ba Ta Hutu"

Na gaji da jin wannan magana a bakin samari, daga tashar Gumel har kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis: "Ni wiwi ba ta kama ni ba, ai ina ba ta hutu." Yaro zai ajiye ganye mako uku, wani ma duk watan azumi, don ranar da ya koma naɗi ɗaya ya yi masa cajin da sai uku ke yi a da. Uwa kuwa tana ta hamdala, ɗanta ya shiryu.

Sinadarin THC da ke cikin wiwi yana da masaukai a ƙwaƙwalwa. Zuƙar yau da gobe kan rage su, shi ya sa mashayi ke ta ƙara naɗi. Hotunan ƙwaƙwalwa da likitoci suka ɗauka a Amurka sun nuna masaukan na fara farfaɗowa cikin kwana 2, su kusa komawa daidai a mako 4. Iyakar gaskiyar samarin ke nan.

Wanda ke ƙirga kwanaki yana ɗokin daren Sallah, wa zai ce masa bai kamu ba? Ɗokin nan ai shi ne kamun. Ga shi jikin da ya huce ya fi saurin rikicewa: ya koma da adadinsa na da, ko a haɗa shi da nau'o'i masu ƙarfi irin su Loud da Colorado, sai bugun zuciya, zargin kowa, surutai, a ce aljanu ne. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cike gurbin hutun da Tramol ko kodin. Su waɗannan, in an yi musu hutu aka koma da tsohon adadi, suna iya tsayar da numfashi. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6 a Najeriya, saboda haka kada mai gida a Gagarawa ya ɗauka matsalar 'yan Kano ce.

Iyaye, in yaronku ya ajiye, ku san abin da ke tafe: rashin barci, saurin fushi, gumin dare, munanan mafarkai, ture kwanon tuwo. Sun fi tsanani a makon farko, yawanci su lafa cikin mako 2, barci ne kan ja lokaci. Kada a yi masa gori a wannan tsakani. A ba shi aikin da zai gajiyar da shi, ko gonar riɗi ko ɗaukar kaya ranar kasuwa, a raba shi da majalisar da ake naɗin, a hana shi riƙe kuɗi da yawa. Kada a kai shi gidan mari; mun ga abin da aka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019. In ya fara jin muryoyi ko ya ambaci kashe kansa, a garzaya Babban Asibitin Gumel a ranar, su za su tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau.