Ina Gaɗa Ta Tafi? Tsakar Gida da Lafiyar 'Ya'yanmu Mata

Uwargida, yaushe rabon da ki ga 'yarki ta yi gumi saboda wasa? Ba gumin zafin gari ko na wanke-wanke ba, gumin tsalle da dariya nake nufi.

Abin da ya jawo tambayar, kwanakin baya na halarci biki biyu a mako guda. Na farko a zauren taro aka yi shi. An jera kujeru, an saki kiɗa, amarya da ƙawayenta suna taka rawar da suka daɗe suna gwadawa, mu kuwa kowa ta ɗaga waya tana ɗauka. Awa 3 muka yi a zaune. Na biyu wuni ne a gidan gwaggona da ke Yakasai, can cikin lungun da ko adaidaita-sahu ba ta shiga. Mata ne zalla. Aka kifa ƙwarya a ruwa, wata dattijuwa ta ɗauko waƙa, kafin ki ce kwabo tsakar gida ta ɗauki tafi da guɗa. Ni da na zo kallo, ban san lokacin da na ajiye jaka na shiga fili ba.

A rawarmu ta gado babu 'yar kallo zalla. Ki tuna gaɗa. 'Yan mata su yi da'ira a dandali idan farin wata ya fito, ɗaya ta ba da waƙa, sauran su amsa suna tafi. Sai wata ta fito tsakiya ta taka, ta juya baya ta saki jiki, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama. Wadda ta cafe yanzu, ita za a cafe an jima. Haka amada take, irin wadda Uwaliya Mai Amada ta yi suna da ita a Kano, da marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa wadda ta rasu a 2013. Mai kiɗa ba ta isa ita kaɗai ba, sai da 'yan amshi, da masu liƙi, da mai rangaɗa guɗa.

Abin ban sha'awa, wannan ne masu rawar zamani suke fafutukar samu a yau: yadda mai kallo zai tashi daga kujera ya zama ɗan wasa. A Legas, Qudus Onikeku ya kafa cibiyar QDance a 2014, kuma ya fito da rawa kan titi, cikin jama'a. A Senegal, Germaine Acogny ta kafa makarantar École des Sables a ƙauyen Toubab Dialaw, inda ake koyon rawa a kan yashi. Abin da wasu ke ketare ƙasashe su koya, kakanninmu sun yi shi a ƙofar gida.

To me ya raba mu da shi? Filayen unguwa da yawa sun zama gidaje da shaguna. Yarinya ta dawo daga boko ta wuce Islamiyya, sai aikin gida. Iyaye kuma suna da gaskiya idan suka ji tsoron fitar dare da cuɗanya da samari. Amma da muka rufe dandali ba mu buɗe wani fili a madadinsa ba, sai waya ta cike gurbin.

A wurin aiki nake ganin sakamakon: mata masu hawan jini, da ciwon suga, da ciwon gwiwa da baya. Rashin motsi ba shi kaɗai ke kawo su ba, amma yana cikin abubuwan da ke hannunmu. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 a kullum, babba kuma minti 150 zuwa 300 a mako. Gaɗa tana sa zuciya aiki, tsalle yana ƙarfafa ƙashi. Tana kuma koya wa yarinya sanin jikinta: iya inda hannunta ke kaiwa, da wa ta yarda ta jingina da shi.

Ba sai kin kashe ko sisi ba. Ki zaɓi yamma ɗaya a mako, bayan la'asar. A kawar da turmi da bokitai, a kashe murhu, a rufe rijiya, a sa sakata a ƙofa. Ki gayyato 'ya'yan maƙwabta mata. Idan akwai kaka a gidan, ita ce malamar, don waƙoƙin suna kanta. Sharaɗi ɗaya ne: waya tana ɗaki. Yarinyar da ta san ana ɗaukarta ba za ta saki jiki ba, bidiyon da ya fita kuma ba ya dawowa.

A kula da daɓe. Tayil da jiƙaƙƙen siminti suna da santsi, kada a yi faɗuwa da cafewa a kansu. Mai ciki, da wadda aka yi wa aikin haihuwa kwanan nan, da mai ciwon zuciya, su tambayi ma'aikacin lafiya tukuna, kuma ban da tsalle. Duk wadda ta ji jiri ko ciwon ƙirji ta tsaya nan take. Ga ma'auni mai sauƙi: idan kina iya magana amma amshi ya fara yi miki wuya, jikinki na aiki yadda ake so.

Ke ma kada ki tsaya a bakin ƙofar ɗaki kina kallo. Ranar wunin nan, 'yata mai shekara 9 ta zura min ido ina takawa, muna hanyar gida ta ce, "Umma, ashe kin iya?" Ta girma a hannuna ba ta taɓa gani ba. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu share tsakar gida.