Maroko: Unguwar da Darajar Filinta Ta Cinye Ta

A watan Yulin 1990, ana tsakiyar damina, motocin rusau suka shiga Maroko da ke gefen Victoria Island a Legas. Wa'adin kwana bakwai kacal gwamnatin jihar a ƙarƙashin Kanar Raji Rasaki ta bayar. Mutum kusan dubu 300 aka ƙiyasta sun rasa matsuguni: direbobi, kuku, masu gadi, masu wanki da guga, 'yan tireda, waɗanda akasarinsu a gidaje da ofisoshin Ikoyi da Victoria Island suke neman abinci.

Hujjar gwamnati ita ce wurin kwari ne, ruwa na kwanciya, cuta na yaɗuwa. Ba ƙarya ba ne. A kan katako ake tsallakawa zuwa gidaje da dama in an yi ruwa. Sai dai maganin bai gagara ba. Da talakawa suka tashi, an cike wurin da yashi, an ja hanyoyi, an yanka fulotai, ga shi yau unguwar Oniru da ke wurin na cikin mafi tsada a Legas. Me ya hana a yi wannan aiki tun suna nan? Amsar tana ga farashin fili. Victoria Island ta cika ta batse, kuɗi na neman inda za su faɗaɗa, Maroko kuma ita ce a bakin ƙofa. Abin takaici, wasu mazaunan hukuma ce da kanta ta tsugunar da su a can tun wajen ƙarshen shekarun 1950, bayan an tashe su daga wasu sassan birnin.

Tsirarun masu gidaje ne aka bai wa muhalli a Ilasan da Ikota da Epe, galibi gine-ginen da ba a kammala ba. 'Yan haya, waɗanda su ne mafi yawa, ko oho.

Asarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta kusanci. Mai gadin da a da ke takawa wurin aiki da ƙafa ya koma kashe rabin albashinsa a kuɗin mota. Adashi ya watse, mai shagon da ke ba da bashi ya ɓace, yara sun bar makaranta ana tsakiyar karatu. Kuma rusau bai rage cunkoso ba, sauya masa wuri ya yi: mutanen suka kwarara cikin wasu unguwannin marasa galihu, aka ci gaba da bin irinsu da rusau, a Makoko a 2012, a Otodo Gbame a 2016 da 2017.