Daga Teku Zuwa Tiga: Sababbin Ɗaliban Injiniya da Lissafin Ƙarfin Ruwa

Yaron da ya tashi a Kiru ko Tudun Wada, ya sami gurbin karatun injiniya a Jami'ar Bayero ko a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda aka sanya wa sunan Aliko Dangote a 2022, yakan shiga jami'a da zumuɗin kwance inji da ɗaure shi. Abin da yakan tarar a shekarar farko kuwa shi ne lissafi da fizik da ilmin sinadarai a babban ɗakin lacca. Zaman koyon aiki a masana'antu na wata shida sai a shekara ta huɗu, babban aikin bincike kuma sai a ta biyar. Kafin lokacin, da yawa sun riga sun saba da haddace ƙa'idoji don jarrabawa, ba tare da sun taɓa auna wani abu da hannunsu sun ga ya saɓa wa abin da ke cikin littafi ba.

Wasu jami'o'in duniya sun daɗe da juya wannan tsari. Jami'ar Alborg ta ƙasar Denmak, wadda aka buɗe a 1974, tana raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya tun daga zangon farko, a ba kowace ƙungiya matsala guda ta gaske, su shafe kusan rabin lokacin karatunsu suna neman bakin zarenta. A jami'o'in da ke bakin teku, samar da lantarki daga teku yana cikin batutuwan da suka fi dacewa da irin wannan aiki, kuma dalilin yana da ban sha'awa: fage ne da manyan injiniyoyi ma ba su gama daidaitawa a kansa ba. Injin iska ya riga ya tsaya a kan siffa guda, dogon turke da fukafukai uku. Na'urar raƙuman ruwa kuwa har yanzu kowa da irin tasa. A 2008 an girka wasu na'urori uku masu siffar maciji, mai suna Pelamis, a gaɓar tekun Fotugal, amma 'yan watanni kaɗan suka yi aka janye su, kamfanin da ya ƙera su kuma ya durƙushe a 2014. Inda babu amsa a bayan littafi, dole ɗalibi ya yi tunani da kansa.

Hanyar da ta fi daɗewa tana aiki ita ce ta cika da janyewar teku. Saboda jan da wata da rana suke yi wa ruwan duniya, teku yana cika ya janye kusan sau biyu a kowace rana. A 1966 Faransa ta datse bakin kogin Rans, inda bambanci tsakanin cika da janyewa yakan kai mita 8, ta girka farfela 24 masu ba da megawat 240 gaba ɗaya. Koriya ta Kudu ta zarce ta a 2011 da tashar Sihwa mai megawat 254. A gaɓar Legas bambancin bai wuce kimanin mita ɗaya ba, kuma da yake makamashin irin wannan datsiya yana bin ninkin bambancin ne da kansa, watau 8 sau 8, fili ɗaya a Legas zai ba da kashi ɗaya cikin 64 na abin da zai bayar a Rans. Wannan ɗan lissafi kaɗai ya isa ya nuna wa ɗalibi cewa ba kowace fasaha ce ake ɗaukowa daga wata ƙasa a dasa ba.

To, mene ne ruwan ɗan Doguwa da teku, alhali tsakaninsa da Legas akwai kimanin kilomita 1,000 a mota? Amsar ita ce farfela ba ta san gishiri ba. Tashar Rans madatsar ruwa ce kamar kowace, sai dai wata ne yake cika ta maimakon damina. Kudancin Kano kuwa yana da nasa ruwan. Kogin Kano yana gangarowa daga tsaunukan da ke kudu, ya ratsa dajin Falgore, ya taru a madatsar Tiga da ke yankin Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Tsawon bangonta ya kai kimanin kilomita 6, tsayinsa mita 48, an kuma tsara ta ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, ko da yake a 1992 an rage tsayin mafitar ambaliyarta saboda tsaro, abin da ya rage yawan ruwan da take ɗauka. Noman rani aka gina ta dominsa. Tashar lantarki mai megawat 10 daga baya ta zo: an fara aikinta a zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ci gaba da shi, da nufin bai wa matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni wuta. Ƙarfinta duka daidai yake da na farfela ɗaya tak daga cikin 24 ɗin Rans.

Ƙa'ida biyu ce ke riƙe da wannan fage baki ɗaya, kuma dukkansu suna cikin darasin shekarar farko. Ta ɗaya ta ruwan da ke faɗowa ce. Kubik mita ɗaya na ruwa lita 1,000 ne, watau duro biyar, nauyinsa kilo 1,000. Idan wannan adadi yana faɗowa daga tsayin mita ɗaya a kowane sakan, ƙarfinsa kilowat 9.8 ne. Saboda haka 'yar magudanar da ke kawo lita 100 a sakan, ta zubo daga tsayin mita 2, tana ɗauke da wat 1,960. Ƙaramin inji na ƙirar hannu da wuya ya kama fiye da rabin wannan, amma kilowat ɗaya ya isa ya haskaka ƙaramin asibitin ƙauye, ya kuma riƙe firjin allurar rigakafi.

Ta biyu ta ruwan da ke gudu ce, irin wanda ake sa wa farfela a tsakiyarsa ba tare da datsiya ba, kamar yadda ake yi a mashigin Pentland da ke arewacin Sikotlan. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa ƙaramar farfela a ruwa take yin aikin babba a iska. Ruwan da ke gudun mita ɗaya a sakan, ya ratsa ƙofa mai faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya, yana ɗauke da wat 500. Idan gudun ya ninka, ƙarfin ba ninki biyu yake yi ba, ninki takwas yake yi, ya koma wat 4,000. Daga ciki kuma, farfelar da ke buɗaɗɗen ruwa ba za ta kama fiye da kashi 59 cikin 100 ba, kamar yadda Bajamushe Albert Betz ya nuna fiye da shekara ɗari da suka wuce.

A nan ne aikin ƙungiya yake nuna amfaninsa. A ɗauka an tura ɗalibai biyar bakin wata magudanar noman rani, bayan an nemi izinin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke kula da ita. Kayan aikinsu tef ɗin awo ne, da agogon waya, da sanda, da lemo 'yan ƙwaya, da farin tiyon nan da magina ke cika wa ruwa don daidaita gini. Ɗaya ya jefa lemo, ɗaya ya tsaya mita 20 a gaba, ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya auna faɗi da zurfi daga kan gada, na biyar ya rubuta. Ba wanda zai shiga ruwan, domin gefen magudanar kankare yana da santsi, ruwan kuma ya fi ƙarfin da ido ke gani. Jifa biyar za su ba da amsa biyar dabam-dabam. Wani lemon zai bi gefe ya yi nawa, wani iska za ta tura shi. Sa'an nan wani zai tuna cewa ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, don haka akan ɗauki kimanin kashi 85 cikin 100 na gudun lemon. Abin da zai tayar musu da hankali shi ne kuskuren kashi 10 cikin 100 wajen auna gudu yana zama kuskuren kashi 33 wajen lissafin ƙarfi. Malami yana iya faɗar wannan a allo sau goma ya wuce ta bayan kunne. Amma ranar da ƙungiya biyu suka auna wuri ɗaya, ɗaya ta ce wat 300, ɗaya ta ce 450, gardama za ta kaure, kuma ba mai raba ta sai komawa bakin ruwa.

Tsarin yana da nasa cikas. A kowace ƙungiya akan sami mai ɗaukar aikin duka a kansa, da mai laɓewa a bayan 'yan'uwansa, da ɗaliba mai amsa daidai wadda ba a bari ta kai aya. Maganin da aka saba yi shi ne a riƙa juya ayyukan, a riƙe kundin da ke nuna wanda ya yi me, a kuma yi wa kowa tambayoyin baka shi kaɗai a kan rahoton da suka rubuta tare. Babban cikas kuwa yawan ɗalibai ne: aji mai mutum 300 yana nufin ƙungiya 60, kowace tana bukatar mai duba ta.

Darasi mafi nauyi yana jiran ƙungiyar da aka ba tambayar Tiga kanta. Idan aka ƙaddara, don gwaji, cewa ruwan yana faɗowa daga tsayin mita 30, injin kuma yana kama kashi 85 cikin 100, to megawat 10 yana bukatar kubik mita 40 a kowane sakan, duro 200 ke nan. A shekara guda ba tsayawa, ruwan ya haura kubik mita biliyan 1.2, watau mafi yawan abin da tafkin yake riƙewa. Gaskiya ne farfela ba ta shanye ruwa, ratsa ta yake yi ya wuce. Amma ruwan da za a tura gonakin Kadawa da Kura dole ya shiga babbar magudana tun yana bisa don ya gangara da kansa, saboda haka ba zai yi doguwar faɗuwa ba, wanda kuma aka sake shi ƙasa cikin kogi ya bar waɗannan gonaki ke nan. Manomin alkama da tumatir yana son ruwansa da rani, birni yana son wuta kowane dare, tsayin ruwan tafkin kuma yana raguwa tun daga kaka har faɗuwar damina, ƙarfin injin yana raguwa tare da shi.

Ruwan kuma ba a Kano yake ƙarewa ba. Kogin Kano yana haɗuwa da na Challawa su zama kogin Haɗeja, wanda ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru. Kafin a gina madatsun, kogin yakan yi ambaliya da damina ya ƙafe da rani, manoma da masunta da makiyaya kowa ya san lokacinsa. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, ciyawar kachala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Jadawalin sakin ruwan da zai fi ba da lantarki, watau daidai wa daida kowace rana, shi ne kuma wanda kachala ta fi so, kuma ɗaliban da suka zana shi a takarda sai sun rubuta a rahotonsu abin da zai faru a Nguru.