Renon Ɗan Iguwana Mai Wutsiyar Ƙaya

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau za mu tsallaka teku zuwa Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, mahaifar wani ƙadangare da ake kira iguwana mai wutsiyar ƙaya. Masana sun raɗa wa danginsa suna Ctenosaura, mutanen Nikaraguwa da Kosta Rika kuwa garrobo suke ce masa. A can naman daji ne, har farfesunsa ake yi. A Amurka da Turai kuma dabbar kiwo ce, ana sayen ɗansa a shago a kai gida a sa a keji. Renon wannan ɗan shi ne zancenmu na yau.

Duk wanda ya gan shi a shago sai ya ba shi sha'awa. Kore ne shar, tsawonsa har wutsiya bai wuce taƙi guda ba. Abin da mai shago ba kasafai yake faɗa ba shi ne, koren nan na ɗan lokaci ne. Kafin shekara ta zagayo ya soma dusashewa, ya koma ruwan toka mai baƙaƙen ratsi. Namijin nau'in da aka fi sani, wato Ctenosaura similis, yana kai mita ɗaya da ɗoriya, ga jerin ƙayoyi a gadon baya, kuma idan ya sami kulawa yana iya kai shekara 20. Ke nan dabbar da mutum ya biya kuɗinta daban, wadda zai riƙa ciyarwa nan da shekara 3 daban. Yawancin kurakuran masu kiwo daga mantawa da wannan suke tasowa.

Mu fara da abinci, don a nan canjin ya fi fitowa fili. A dajin Guanacaste na Kosta Rika, inda rani yake da tsawo, uwa takan haƙa rami cikin rani ta zuba ƙwai 20 ko fiye, ta rufe, ta kama gabanta. Bayan kimanin wata 3 'ya'yan su ƙyanƙyashe, daidai faɗuwar damina, lokacin da ƙasa ta yi kore, ƙwari suka cika ko'ina. Launin jikinsu shi ke ɓoye su daga shaho da maciji, har ma daga manyan danginsu, don babban garrobo ba ya ƙin haɗiye ƙarami idan ya samu. A wannan lokaci mafarauta ne, ƙwari ne cimarsu. Sai sun girma ne ganye da fure da 'ya'yan itace suke rinjaye.

Mai reno sai ya bi wannan tsari sau da ƙafa. Ɗan ƙarami a ba shi gyare da fara da irin kyankyason da ake kiwo musamman saboda wannan aiki, kullum, kuma kada ƙwaron ya fi tazarar da ke tsakanin idanunsa girma. Ƙwarin nan su ma a ƙosar da su da ganye da karas kwana ɗaya kafin a miƙa su, domin abin da ke cikin gyare shi ne abin da zai shiga jikin iguwana. A barbaɗa musu garin kalsiyam. A gefe kuma a ajiye ɗan faranti na yankakken ganye mai duhun kore, da gogaggen kabewa, da furen dangin zoɓo, ko da bai kula su ba. Yau zai taka ya wuce, gobe ya ɗanɗana. Wanda bai saba ganin ganye tun yana ƙarami ba, wahalar sha'ani gare shi idan ya girma, kuma babban iguwanan da aka ɗora wa nama da ƙwari zalla yakan tara kitse, ƙodarsa ta gaji. Farin latas ruwa ne kawai, ba ya ƙara masa komai. Fiya kuwa a nisanta ta. Haka ƙwaron nan mai walƙiya da dare, guba ne ga ƙadangaru. Ƙwarin da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi, wannan ba sai an faɗa ba.

[Kiɗa kaɗan]

To amma jama'a, ko da an cika masa ciki da kalsiyam, aikin banza ne idan babu rana. Ku je kufan tsofaffin biranen Maya a yankin Yukatan, irin su Tulum da Uxmal, za ku tarar da waɗannan ƙadangaru shimfiɗe a kan duwatsun gine-gine tun hantsi. Aiki suke yi. Zafin dutse ne ke tayar da jikinsu har su iya narkar da abinci. A cikin hasken rana kuma akwai wani kaso da ido ba ya gani, ana ce masa UVB, shi ne ke sa fata ta haɗa bitamin D3, wanda idan babu shi hanji ba zai iya tsotsar kalsiyam ba. Jiki kuwa ba ya jira. In bai samu a abinci ba, sai ya ciro daga ƙashi.

Ciwon da ke biyo baya shi ya fi addabar ƙananan iguwana a gidaje, kuma a hankali yake zuwa. Muƙamuƙi ya yi laushi ya kumbura. Yatsu su riƙa karkarwa. Cinyoyi su yi suntum, mai shi yana murna wai dabbarsa ta yi ƙiba, alhali ƙashi ne ya lalace. Daga nan sai karaya ba tare da faɗuwa ba, sai jan ƙafafun baya. In an garzaya wurin likitan dabbobi da wuri ana iya tsayar da ciwon, amma bayan da ya riga ya tanƙware ba ya miƙewa. Abin takaicin shi ne, dabba ce mai saurin girma, don haka ƙarami ya fi babba saurin kamuwa.

Wani zai ce, ai sai in ajiye kejin a bakin taga. Gilashin taga yana tare UVB, amma yana barin zafi ya wuce. Akwatin gilashi a tsakar rana kuma tanda ce, cikin ɗan lokaci sai gawa. A ƙasashen sanyi fitila biyu ake sakawa, ɗaya ta zafi, ɗaya ta UVB, a kunna awa 12 a kashe awa 12. Ƙarƙashin fitilar zafin a dasa dutse ko reshe, zafinsa ya kai wajen digiri 40 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen kejin kuma ya tsaya kusa da 27, domin dabbar ta zaɓi inda take so da kanta. Da ma'aunin zafi ake aunawa, ba da tafin hannu ba. Fitilar UVB tana da wata yaudara: tana ci gaba da haske bayan amfaninta ya ƙare, shi ya sa ake canja ta tsakanin wata 6 zuwa shekara. Inda rana ta wadata, kejin waya a waje, rabi rana rabi inuwa, ya fi kowace fitila.

Sai hali. A nan gida muna yi wa damo kirari da sarkin haƙuri. To, wannan bai gaji haƙuri ba ko kaɗan. An auna gudun nau'in similis a Kosta Rika ya haura kilomita 34 a awa, har kundin bajinta na Guinness ya lissafa shi a matsayin ƙadangaren da ya fi gudu. Ɗan da ya suɓuce a ɗaki sai an ɗaga kujeru. A daji duk abin da ya zo masa ta sama shaho ne, saboda haka hannun da ya sauko daga bisa abokin gaba ne. Keji mai ƙofa a gaba ya fi. Makonnin farko a ƙyale shi, a tanadar masa maɓoya biyu ko uku, ɓawon itace ko bututu, don wanda ba shi da wurin ɓuya yakan ƙi abinci, ya yi ta dukan gilashi har hancinsa ya saluɓe. Sannan a soma miƙa masa gyare da ɗan hantsaki, ya saba cewa hannu alheri yake kawowa. Kada a kama wutsiya, yana iya yar da ita, kuma wadda za ta tsiro ba ta kai ta farko kyau ba. Wasu suna sabo har su hau kafaɗa. Wasu kuwa har tsufansu cizo ne da zabgar wutsiya, kuma a ganina mai kiwon da bai shirya wa wannan ba, gara ya nemi wata dabbar. Biyu a keji ɗaya ma rigima ce, babba zai danne ƙarami ya hana shi wurin shan rana.

Idan kuka ga yana atishawa, farin gari yana taruwa a hancinsa, ba mura ba ce, gishirin da ya yi wa jiki yawa yake fitarwa. Lokacin saɓa a yayyafa masa ruwa, a duba yatsu da ƙarshen wutsiya kada tsohuwar fata ta shaƙe su. Bayan an taɓa shi ko kejinsa a wanke hannu da sabulu, saboda ƙwayar cutar salmonela mai sa zazzaɓi da gudawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana gargaɗin kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su riƙa taɓa irin waɗannan dabbobi.

Daga ina ɗan ya fito? Tambaya ce da ta wajaba a kan mai saye. Wasu daga dangin nan sun kusa ƙarewa. Ctenosaura bakeri, alal misali, a dazuzzukan bakin ruwa na tsibirin Utila na Honduras kaɗai yake rayuwa a duk duniya. A taron yarjejeniyar cinikin namun daji ta CITES da aka yi a Jeneba a 2019 an sa dangin gaba ɗaya cikin jerin dabbobin da ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini. Wanda aka ƙyanƙyashe a hannun makiyayi ya fi wanda aka kamo a daji lafiya da sauƙin sabo, ga shi ba a rage na daji ba.

Akwai kuma masu gajiya idan dabbar ta girma, su buɗe ƙofa su ce je ka. A tsibirin Gasparilla na jihar Filorida, 'yan ƙalilan aka saki a wajajen ƙarshen shekarun 1970. Suka hayayyafa suka zama dubbai, suna haƙa ramuka a ƙarƙashin gine-gine, suna mamaye ramukan kunkurun yankin, har suna cin 'ya'yansa. Daga bisani sai da hukumar gundumar Lee ta ɗora wa mazauna tsibirin haraji na musamman domin biyan masu kama su.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. 

[Kiɗan rufe shiri]