Lambobin OID: Nasabar da Wayarka Ke Dubawa Kafin Ta Aminta da Banki

A Gwashi da ke ƙaramar hukumar Bukkuyum, kamar a Gummi da Anka, mai POS ya zama bankin unguwa, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Manomi ya sayar da buhun dawa, a tura masa kuɗi ta waya. Matashi ya karɓi manhaja daga wayar abokinsa ta Xender don data ta yi tsada. A duk waɗannan, kafin ko kwabo ya motsa, wayar sai ta amsa tambaya ɗaya: wannan da nake magana da shi, shi ne wanda ya ce shi ne?

Amsar tana cikin takardar shaida ta dijital, wadda tsarinta ake kira X.509, an fitar da shi tun 1988. Shafin banki yana miƙa wa waya irin wannan takarda, haka kowace manhajar Android tana ɗauke da ita a cikin sa hannun wanda ya ƙera ta. A cikin takardar kuwa akwai wasu lambobi masu ɗigo-ɗigo da ake kira OID. Su ne ke faɗa wa waya me kowane layi yake nufi.

Lamba mai uba da kaka

OID tamkar nasaba ce: wane ɗan wane jikan wane. Hukumomin ITU da ISO ne suka kafa tsarin, kuma kowace lamba tana rataye ne a ƙarƙashin wadda ta gabace ta. Ga misali, lambar tsarin ɓoye bayanai na RSA: 1.2.840.113549.1.1.1.

Lamba 1 ita ce ISO. Lamba 2 ta ƙasashe mambobinta ce. 840 lambar Amurka ce a jerin lambobin ƙasashe, jerin da Najeriya ke da 566, Nijar kuma 562. Ita 113549 ta kamfanin RSA ce. Sauran ukun kamfanin ne ya raba su da kansa a cikin gidansa. Da yake kowa a reshensa kaɗai yake raɗa suna, ba a samun abu biyu da lamba ɗaya ko'ina a duniya.

Haka 2.5.4.3 ke nufin sunan mai takardar, 2.5.4.6 ke nufin ƙasarsa. Idan waya ta ga 1.2.840.113549.1.1.11, ta san an sa hannu da RSA haɗe da SHA-256. Idan ta ga lambar ta ƙare da 5 maimakon 11, to SHA-1 ne, wanda masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka nuna karyewarsa a Fabrairun 2017, kuma manyan burauzoji suka daina yarda da shi a wannan shekarar. Bambancin lamba ɗaya a wutsiya shi ne tsakanin kwaɗo mai kyau da wanda ya lalace.

Yadda laburare ke riƙe ta

Masu rubuta manhaja ba sa tsara wannan lissafi daga tushe. Suna amfani da laburare irin su OpenSSL, ko BoringSSL da Google ya cire daga jikinsa a 2014, ko Bouncy Castle a harshen Java.

A cikin takardar ba a rubuta ɗigo-ɗigon nan ba. Lambobi biyun farko ana dunƙule su wuri ɗaya: ta farko sau 40, a ƙara ta biyu, don haka 1.2 ta koma 42. Lambar da ta haura 127 kuma sai a yanka ta gida-gida. 840 ita ce 128 sau 6 da ragowar 72, sai a ajiye 6 da alamar cewa akwai ci gaba, sannan 72.

A OpenSSL, OBJ_txt2obj ne ke mayar da rubutu zuwa OID, OBJ_obj2txt kuma ya dawo da ita rubutu. Laburaren yana kuma ba kowace OID da ya sani wata lambar cikin gida mai suna NID. Nan sababbin magina ke yawan faɗawa rami: duk OID ɗin da laburaren bai sani ba, amsa ɗaya yake bayarwa, NID_undef, wato sifili. Wanda ya kwatanta NID biyu bai duba wannan ba, zai ɗauki baƙi biyu mabambanta a matsayin mutum ɗaya. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a kwatanta OID ɗin kansu da OBJ_cmp, kuma idan za a adana a rumbun bayanai, a adana lambar mai ɗigo, ba NID ko sunan da laburare ya laƙaba mata ba.

Ranar da lamba ta yi ƙarya

A 2009, Dan Kaminsky da Len Sassaman da Meredith Patterson sun nuna illar sakaci a wannan wuri. Sun tsara OID mai lamba 2.5.4.18446744073709551619. Ga kamfanin da ke ba da takardar shaida, wannan baƙuwar lamba ce marar ma'ana. Amma a laburaren CryptoAPI na Windows, lambar ta fi ƙarfin mudun da ake auna ta, sai ta zube, abin da ya rage shi ne 3. Kwamfuta sai ta karanta 2.5.4.3, wato sunan mai takarda. Ta haka mai kutse zai iya cusa sunan shafin da ba nasa ba. Microsoft ya toshe kafar a Oktoban shekarar.

A Mayun 2023 ma OpenSSL ya gyara wata matsala a OBJ_obj2txt, inda OID mai tsawon gaske ke sa kwamfuta ta daɗe tana lissafi har aiki ya tsaya.

Abin da ya rage wa mai waya

Ga matashin da ke koyon rubuta manhaja, kada ya ƙirƙiri OID da ka, ko ya ari reshen wani. Hukumar IANA tana ba da lamba kyauta a ƙarƙashin 1.3.6.1.4.1, ta intanet ake nema, kuma wanda ke Bukkuyum daidai yake da wanda ke Landan wurin samu.

Ga sauran jama'a kuwa, irin waɗannan gyare-gyare ta hanyar sabuntawa suke isowa waya. A wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, mutane kan yi watanni suna danna "sai anjima". Duk wanda ya shiga Gummi ko Gusau ya samu sabis mai ƙarfi, ya fara da sabunta burauza da manhajar banki. Manhajar da ake tura kuɗi da ita kuma a sauke ta daga Play Store, domin wadda aka karɓa ta Xender a karon farko, waya ba ta da tsohon sa hannun da za ta gwada da shi. Idan kuma burauza ta yi gargaɗi cewa takardar shaidar shafi ba ta inganta ba, a rufe shafin, kada a sa lambar sirri.