Tundurmi a ƙasar Gaya: abin da masana suka gano cikin magudanan jiki

Gaya, kusan kilomita 300 kudu maso gabas da Yamai, ita ce shiyyar da ta fi kowace samun ruwan sama a ƙasar Nijar, domin a shekara mai kyau yakan kai milimita 800. Ga kogin Isa, ga fadamun Dallol Mawri da Dallol Foga, ga gonakin shinkafa da rake da dazuzzukan giginya. Tsallaken kogi Malanville ce ta ƙasar Benin, gabas kuma Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Wannan ni'ima ita ta sa ƙasar Dandi ta zama rumbu, amma kuma ita ce ke raya sauro tun daga faɗuwar damina har tsakiyar rani. Kowa ya san sauro da zazzaɓin cizonsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sauron nan dai shi ke kawo tundurmi da galibin gwaiwar da ake gani a garuruwan bakin ruwa.

Shekaru aru-aru ana ɗora laifin kumburin ƙafa kan sammu, ko taka sawun wani, ko gadon gida. Hausawa kuwa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Dalilin yana cikin wasu siraran hanyoyi na jikin ɗan Adam waɗanda likitoci kansu suka daɗe ba su iya ganinsu sosai ba, sai da aka gano wani furotin mai suna LYVE-1 a shekarar 1999.

Hanyoyin da ba na jini ba

Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu magudanai na biyu da suka ratsa kusan ko'ina cikin jiki. Kullum ruwa yana tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin jini zuwa cikin tsoka da fata, yana kai abinci. Magudanan nan su ke kwashe rarar wannan farin ruwa, su bi da shi ta wasu ƴan ƙulle-ƙulle masu tacewa, sannan su mayar da shi cikin jini kusa da gindin wuya. Ƙulle-ƙullen sun kai ɗaruruwa, kuma kowa ya taɓa jin labarinsu, domin su ne ke tashi a matsematsi ko a hammata idan mutum ya yi miki, abin da ake kira kaluluwa. Idan magudanan suka lalace, ruwan sai ya taru inda yake, ƙafa ta kumbura, daga baya fata ta yi kauri ta kakkaɓe.

Wani likita ɗan ƙasar Italiya, Gaspare Aselli, shi ya fara bayyana irin waɗannan magudanai a 1622, cikin hanjin kare. To amma ƙananansu ba su da launi, kuma a ƙarƙashin madubin likita kamarsu ɗaya da ƙananan jijiyoyin jini. Saboda haka binciken zuciya da jini ya yi nisa, nasu kuwa ya tsaya baya.

Ƙofa da takardar shiga

A 1934, Karl Meyer da John Palmer na jami'ar Kolombiya da ke Amurka suka fitar da wani abu mai yauƙi daga ruwan idon saniya. Shi ake kira hiyaluronan. Dangin sukari ne mai dogon zare, yana riƙe ruwa ƙwarai, yana cikin fata da gaɓoɓi da ido. Babban mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 15, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku jiki yana sabunta shi kowace rana. Mai yawa daga cikin tsohon, ta magudanan farin ruwa yake fita.

A 1999, ƙungiyar David Jackson a Oksfod ta ƙasar Ingila, tare da Suneale Banerji, ta ba da sanarwar gano wani furotin da ke zaune a bangon magudanan, wanda aikinsa shi ne kama hiyaluronan. Suka raɗa masa LYVE-1. Amfaninsa na farko ya zo nan da nan. Tun da yana da yawa a bangon magudanan farin ruwa, kuma babu shi a galibin jijiyoyin jini, sai aka haɗa rini mai manne masa. Daga nan mai bincike na iya yanka ɗan siririn nama, ya rina, ya ga magudanan sun fito fili. Masu binciken ciwon daji suka yi amfani da shi don bin hanyar da cutar ke bi zuwa kaluluwa. A 2015 kuma wasu ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Finland, suka nuna da taimakonsa cewa akwai irin magudanan har a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, inda littattafan likitanci suka daɗe suna cewa babu.

Amma LYVE-1 ya wuce alama. Ɗan kasuwar da ya saba da shingen duwan zai gane aikinsa da sauri: ƙofa ce mai duba takarda. Wasu ƙwayoyin halitta masu tsaron jiki, idan suka ci karo da cuta a fata, dole su shiga magudanan su kai rahoto wurin kaluluwa, inda ake shirya martani. A 2017, ƙungiyar ta Oksfod ta nuna cewa masu kai rahoton suna yafa rigar hiyaluronan, LYVE-1 ya kama rigar, sannan su ratsa bango su shiga. A ɓerayen da aka hana wa furotin ɗin, masu kai rahoton sun yi ta maƙalewa a bakin ƙofa.

Inda akwai shinge kuwa, ba a rasa ɗan fasa-ƙwauri. Wata ƙwayar bakteriya, siteraptokok ta rukunin A, mai kawo ciwon maƙogwaro da ruɓewar fata, tana saƙa wa kanta riga ta hiyaluronan irin ta mutum sak. A 2015, masu bincike na Landan da na Oksfod suka nuna cewa da wannan takardar jabu take manne wa LYVE-1, ta bi magudanan ta isa kaluluwa da sauri.

Tsutsa da sauro

A nan ne labarin ɗakin bincike ya haɗu da na bakin kogi. Tundurmi yana farawa da wata tsutsa siririya kamar zare, Wuchereria bancrofti, mai ɗauke da sunayen Otto Wucherer, wanda ya ga ƴaƴanta a Burazil a 1866, da Joseph Bancroft, wanda ya ga babbar a Ostareliya a 1876. A 1877, Patrick Manson ya nuna a ƙasar Sin cewa tsutsar tana girma cikin sauro. A Afirka ta Yamma, sauron da ke kawo zazzaɓi shi ke ɗaukarta.

Babbar tsutsar tana zama cikin magudanan farin ruwa shekara 6 zuwa 8, tana haifar ƴaƴa miliyoyi. Ƴaƴan suna fitowa cikin jini da tsakar dare, daidai lokacin cizon sauro, shi ya sa a da ma'aikatan lafiya kan ɗebi jinin gwaji da dare. Galibi tun ana yaro ake kamuwa, kuma mutum na iya yin shekaru ba ya jin komai, alhali magudanansa suna buɗewa suna saki. Bayan an girma sai ƙafa ko hannu ko nono ko maraina su fara kumbura.

Abin da ke mayar da ɗan kumburi tundurmi sosai shi ne harin bakteriya. Ƙafar da ruwa ya kwanta a cikinta ba ta iya kare kanta. Ɗan tsagewa tsakanin yatsu, ko faso, ko kaikayin da aka sosa, ya isa ƙofa. Sai zazzaɓi mai zafi da makyarkyata su kwantar da mutum kwanaki, ƙafa ta yi ja, kaluluwa ta tashi. Siteraptokok tana cikin manyan masu kawo wannan hari, kuma kowane hari yana ƙara lalata magudanan. Ga manomin shinkafa a Tara ko Tunuga, ko masunci, ko mai dakon kaya a tasha, kwana biyar a kwance lokacin aiki asarar abincin gida ce. Ga budurwa, sau da yawa asarar aure ce. Mai gwaiwa kuma kunya kan sa ya ɓoye har abin ya hana shi hawan babur da zaman kasuwa.

Yaƙin da aka yi, da wanda ya rage

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta yanke shawarar kawar da cutar a 1997, ta kuma ƙaddamar da shirin a 2000, lokacin da aka ƙiyasta mutum miliyon 120 suna ɗauke da tsutsar. Zuwa 2018 adadin ya sauko zuwa miliyon 51. Amma waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan: ƙiyasin farko na hukumar ya ce maza miliyon 25 masu gwaiwa, da mutum fiye da miliyon 15 masu kumburin gaɓoɓi.

Nijar ta soma rabon magani ga jama'a a 2007. Ƙwayoyi biyu ne, ibamektin da albendazol, sau ɗaya a shekara, aƙalla shekara biyar, ana auna tsawon mutum da sanda kafin a ba shi. Maganin yana kashe ƴaƴan tsutsar da ke cikin jini, don sauro ya ciji mutum ya tashi hannu banza har manyan su mutu don kansu. Togo ta kai ga kawar da cutar a 2017, ita ce ta farko kudu da Sahara. Nijar ma ta ci wata riba daga rabon: a watan Janairun 2025, OMS ta tabbatar da ita a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa, wadda ibamektin ɗin nan ke magani.

Garin iyaka yana da nasa ƙalubale. Tsarin yana aiki ne idan aƙalla mutum 65 cikin 100 suka sha maganin kowane zagaye, alhali fatake da direbobi da masunta sukan kwana yau Gaya, gobe Kamba, jibi Malanville, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka da cutar ta fi yawa. Wanda rabo bai taɓa iske shi gida ba yana iya zama rumbun tsutsa bai sani ba. Don haka sange, wato gidan sauro mai magani, ya kamata ya shiga kayan tafiyar ɗan kasuwa kamar yadda buta da tabarma suke shiga.

Har yanzu babu wata ƙwayar magani a kanti da aka haɗa daga binciken LYVE-1, kuma babu ƙwayar da ke mayar da magudanan da suka lalace. Amma binciken ya ƙara haske kan shawarar da likitoci ke bayarwa: a hana bakteriya ƙofar shiga. Mai kumburin ƙafa ya wanke ta da sabulu da ruwa mai tsabta safe da yamma, ya tsane tsakanin yatsu, ya kula da kowane ɗan miki, ya sa takalmi, ya motsa ƙafar, ya ɗaga ta idan ya zauna ko ya kwanta. Tsaga da ƙaho da sakiya suna buɗe wa cutar hanya ne. Idan zazzaɓin ya taso, a tafi gidan likita, haka kuma idan ƙafafu biyu suka kumbura tare, domin wannan na iya zama ciwon zuciya ko na ƙoda. Gwaiwa kuwa tana warkewa da ɗan aikin tiyata, mutum ya koma sana'arsa cikin ƴan makonni.

Sauran aikin yana wuyan hukumomin lafiya na gundumar, da masu gari da limamai da shugabannin ƴan kasuwa: a nemo masu cutar da suka ɓuya cikin gidaje, a faɗa musu sunan abin da ke damunsu, a kai su inda za a duba su.